Ku Tambayi Koci: An ci mu wasa biyar a jere, Alhaji zai sallami mai horarwa

Wasiƙun wannan makon duk a kan ƙwallon kwando suka taru, don haka masu tambayoyin Firimiya su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci. Ni ne sakataren wata sabuwar ƙungiyar ƙwallon kwando da muka kafa bara a nan Kano. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyinmu. Yana biyan yara alawus duk wata, ya ɗinka mana rigunan wasa, har mota yake ba mu idan za mu fita. Bana muka fara shiga gasa. Mun ci wasan farko, daga nan aka ci mu biyar a jere. Yanzu Alhaji ya ce kocinmu bai san aiki ba, zai sallame shi ya ɗauko manyan 'yan wasa daga Legas da Fatakwal. Yara jikinsu ya yi sanyi, wasu har sun fara ƙin zuwa atisaye. Don Allah ko an taɓa yin sabuwar ƙungiyar da ta fara da irin wannan shan kashi kuma daga baya ta zama wani abu? Ina neman abin da zan gaya wa Alhaji.
Sakataren ƙungiya, Gwammaja

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka gaishe mini da Alhaji, kuma ka fara yi masa godiya kafin komai, domin masu zuba kuɗinsu a ƙwallon kwando a garin nan ba su da yawa. Bayan haka sai ka ba shi labarin wasu ƙungiyoyi biyu da aka haifa rana ɗaya.

A 1995 gasar NBA ta Amurka ta karɓi sababbin ƙungiyoyi biyu daga Kanada, Toronto Raptors da Vancouver Grizzlies. Kowacce sai da ta biya dala miliyan 125 kuɗin shiga kawai. To daga ina za su sami 'yan wasa? Aka ce kowace tsohuwar ƙungiya, su 27 ne a lokacin, ta ware mutum takwas da ba za a taɓa mata ba, sauran kuma sababbin su zaɓa. Kamar ka buɗe shago ne a Kantin Kwari, a ce kowane maƙwabci ya ɓoye atamfofinsa masu tafiya, kai kuma ka cika shagonka da kwantan da ya rage. Mutum na farko da Toronto ta zaɓa, B.J. Armstrong na Chicago Bulls, cewa ya yi ba zai zo ba, dole aka yi musanyarsa da ƙungiyar Golden State. Ban da wannan, an rage musu yawan kuɗin da za su iya kashewa a albashi, an kuma ce ko ƙuri'a ta faɗa kansu ba za a ba su zaɓi na ɗaya cikin matasan da ke shigowa gasar ba har sai 1999. Wannan doka ta ci Toronto a 1996: ƙuri'a ta faɗa kanta, aka mayar da ita ta biyu, Philadelphia ta ɗauke Allen Iverson.

Ranar 3 ga Nuwamba 1995 Toronto ta buga wasanta na farko a gaban mutum sama da dubu 33, ta ci New Jersey Nets 94 da 79. Ka ga irin naku ke nan, an fara da daɗi. Da aka gama kakar, cikin wasa 82 ta ci 21, an ci ta 61. Vancouver kuwa ta ci wasanni biyu na farko, sannan aka ci ta 19 a jere. Can gaba a kakar kuma aka sake ci ta 23 a jere. Ta gama da nasara 15. Idan Alhaji yana ganin biyar sun yi yawa, ka karanta masa wannan layin sau biyu.

Amma ba domin in sanyaya masa rai na kawo labarin ba. Abin da nake so ya lura da shi shi ne rigimar da ta tashi a cikin gidan Toronto, domin ita ce za ta tashi a naku. Kocinsu na farko Brendan Malone ne, dattijo wanda ya daɗe yana mataimaki, ya sami dama sau ɗaya yana son ya nuna kansa. Shi burinsa a ci wasan yau, don haka sai ya riƙa dogara da mutanen da ya yarda da su, yana barin wasu matasa a benci. Mai raba musu ƙwallo, Damon Stoudamire, sabon shiga ne amma kusan minti 41 yake bugawa a kowane wasa na minti 48. Manajan ƙungiyar kuma, Isiah Thomas, shi so yake a saka yara su koyi wasa ko da za a ci su, don gobe yake hange. Kowa da gaskiyarsa. Matsalar ita ce ba su zauna tun farko sun yarda a kan abin da ake nema a shekarar ba. Kaka na ƙarewa Malone ya tafi.

Tambayar da zan yi maka ke nan, Malam Sakatare. Ranar da aka ɗauki kocinku, me aka ce masa ya kawo? Kofi, ko yara goma da za su iya wasa tare nan da shekara biyu? Idan ba a gaya masa ba, to ba shi da laifin da za a sallame shi a kai.

Kuma a ganina shekarar farko ba ita ce mai haɗari ba. A shekarar farko kowa yana ɗoki, 'yan unguwa suna zuwa kallo, mai kuɗi bai gaji ba. Toronto a shekara ta biyu ta ci wasa 30, aka ce ai an kama hanya. Sai shekara ta uku ta faɗo zuwa 16, har da shan kashi 17 a jere. Isiah Thomas ya ajiye aiki, Stoudamire ya nemi a sake shi aka tura shi Portland. Can ne ƙungiya take mutuwa ko ta rayu. Abin da ya ceci Toronto shi ne a 1998 kamfanin da ke da babbar ƙungiyar wasan ƙanƙara ta birnin ya saye ta, suka sami Vince Carter a shekarar, sannan a 1999 suka tare a ɗakin wasa nasu na kansu. A 2000 suka fara kai wa zagayen neman kofi. Ita Vancouver ba ta taɓa cin fiye da wasa 23 a kaka ɗaya ba. Kuɗin tikiti tana karɓa da dalar Kanada wadda ta karye a lokacin, albashi kuma tana biya da dalar Amurka. A 1999 ta zaɓi Steve Francis ya ce ba zai buga mata ba. A 2001 aka naɗe ta aka kai Memphis.

Maganar ɗauko 'yan wasa daga Legas, ban ce haramun ba ne. Mutum ɗaya ko biyu masu hankali, waɗanda za su zauna a Kano su yi atisaye da yaran kullum, suna da amfani, musamman dogo a ƙarƙashin kwando idan ba ku da shi. Amma a cika mota da 'yan haya a zo a ci wasa uku, su karɓi kuɗinsu su koma, yaran Gwammaja suna zaune a benci suna tafi, wannan kuɗin Alhaji ne zai tafi a banza. Na sha ganin haka a filayen garin nan. Ranar da 'yan hayar suka tafi, sai a waiga a ga yaran gida sun koma tuƙa a daidaita sahu.

Ga abin da za ka roƙe shi. Ya bar kocin ya ƙarasa kakar. Ya sa a gyara muku filin atisaye, don na san irin simintin da kuke wasa a kai, wanda da hunturu ƙura take rufe shi har yaro ya taka birki ya zame ya daki ƙarfen kwando. Ya sayi ƙwallaye isassu, domin yara goma sha biyu da ƙwallo biyu layi suke yi, ba atisaye ba. Kai kuma ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka zauna a bakin fili kana rubuta abu biyu a kowane wasa: sau nawa aka ƙwace muku ƙwallo, da kuma jifan kyauta nawa kuka zubar. Idan waɗannan suna raguwa daga wasa zuwa wasa, kocin yana aiki, ko da allon maki bai nuna ba tukuna. Wannan littafin za ka kai wa Alhaji, ɗan kasuwa ya fi yarda da rubutu.

TAMBAYA: Koci barka da aiki. Gardama muke yi a majalisarmu. Wani ya ce a shekarar da Michael Jordan ya fi kowa ƙarfi, wata sabuwar ƙungiya ta taɓa cin ƙungiyarsa ta Chicago Bulls. Ni na ce ƙarya ne. Mun sa ka raba mu.
Mai gyaran waya, Farm Centre

AMSA: Ƙanena, sai dai ka sayi shayin majalisa, abokinka ya fi ka gaskiya. Kakar 1995 zuwa 1996 ce, wadda Chicago Bulls ta ci wasa 72 aka ci ta 10 kacal, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin. Ɗaya daga cikin goman nan ita ce wannan Toronto da na gama ba da labarinta, mai nasara 21. Ranar 24 ga Maris 1996 aka yi wasan a SkyDome, wanda asalinsa ba ɗakin ƙwallon kwando ba ne, ƙaton fili ne mai rufi da aka shimfiɗa katako a gefe ɗaya, na kujerun sama da ƙyar suke hango ƙwallon. Mutum sama da dubu 36 suka shiga. Aka tashi 109 da 108.

Abin da ya sa har yau ake maganar wasan shi ne yadda ya ƙare. Saura daƙiƙoƙi, Chicago na baya da maki ɗaya. Steve Kerr ya jefa daga nesa bai shiga ba, Jordan ya cafe ya juya ya jefa, ƙwallo ta daki allo ta faɗa kwando. Sai dai ƙararrawa ta riga ta kaɗa kafin ta bar hannunsa, alkalan wasa suka ce ba ci. A dokar wasan ba lokacin da ƙwallo ta shiga ake dubawa ba, lokacin da ta rabu da yatsu ne. Chicago ta wuce ta ɗauki kofin shekarar, Toronto kuma ta ci gaba da shan kashinta.

TAMBAYA: Salam Koci. Na ji ana cewa wani Bazazzagi ne ya kafa ƙungiyar Toronto. Da gaske ne?
Ɗaliba, Jami'ar Bayero

AMSA: 'Yata, Masai Ujiri kike nufi, kuma ba shi ya kafa ta ba. An haife shi a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, can ya fara ƙwallon kwando. Lokacin da aka kafa ƙungiyar shi ɗan wasa ne mai neman abin kansa. Ya fara aikin farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba tare da albashi ba, ya zo ya riƙe Denver Nuggets har aka ba shi kyautar gwarzon shugaban ƙungiya a 2013, a shekarar kuma Toronto ta damƙa masa ragamarta. Ƙungiyar tana da shekara 18 lokacin.

A 2018 ya yi abin da ya girgiza magoya baya. Ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci, ya kuma ba da DeMar DeRozan, wanda mutanen birnin suke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard. A watan Yunin 2019 suka doke Golden State Warriors wasa 4 da 2 suka ɗauki kofi, karo na farko da ya bar Amurka. Cikin waɗanda suka ɗauko shi akwai Pascal Siakam ɗan Kamaru da Serge Ibaka haifaffen Kongo. Kada Malam Sakatare na Gwammaja ya bari Alhaji ya ga wannan sakin layin shi kaɗai ya ce ai ga shi nan, sallamar koci tana kawo kofi. Casey shekara bakwai ya yi yana riƙe da ƙungiyar kafin a taɓa shi.

Ujiri ya bar Toronto a 2025. Wani ɗan Najeriya da ya taɓa sa rigarsu kuma shi ne Hakeem Olajuwon, can ya buga kakarsa ta ƙarshe, 2001 zuwa 2002.

TAMBAYA: Malam Koci, ɗana shekararsa 14, kullum yana filin ƙwallon kwando, amma gajere ne kamar mahaifinsa. Ƙannena suna ce masa ya haƙura wasan dogaye ne. In hana shi ne ya mayar da hankali ga karatu kawai?
Uwar yara, Hotoro

AMSA: Hajiya, yaro ɗan shekara 14 bai gama tsayi ba tukuna. Ko ma bai ƙara da yawa ba, Stoudamire ɗin nan da na ambata tsayinsa bai wuce mita 1.78 ba. Ranar da Toronto ta zaɓe shi, 'yan kallo ihu suka yi masa don wani dogo suke so. Ƙarshen kakar shi aka ba kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, yana cin maki 19 a kowane wasa. Gajere aikinsa raba ƙwallo ne, don haka ya koyi buga ta da hannun hagu kamar na dama, ya kuma saba ɗaga kai yana kallon abokan wasa maimakon ƙasa.

Kada ki hana shi, amma ki ɗaure wasan da sakamakon makaranta da na Islamiyya, in ɗaya ya yi ƙasa a ajiye takalmi sai ya gyaru. Idan kuma Kano Pillars ta ƙwallon kwando tana da wasa a ɗakin wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kawunnan nasa masu tsokana su kai shi ya kalla. Ƙungiyar ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka a Alƙahira a 2016. Su zaunar da shi kusa da fili, ya sa ido a kan wanda yake ɗauko ƙwallo daga baya.