Amsoshin Tambayoyinku: Ƙauyen da Ya Ƙi Wutar Lantarki a Indonesiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a Kura, jihar Kano. A Hajjin bara na zauna kusa da wani dattijo ɗan Indonesiya a Harami, da ɗan Larabcinsa da ɗan nawa na gane shi ma manomi ne, kuma gonarsa ba ta kai rabin kadada ba. Da na dawo, ɗana ya nuna min wani ƙauyensu a waya, wai Musulmi ne amma sun ƙi a kai musu lantarki. Da gaske ne? Kuma ta yaya 'yar gona irin wannan take riƙe gida?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. Da gaske ne. Ƙauyen da ya fi suna da wannan al'ada shi ne Kampung Naga, a gundumar Tasikmalaya ta Yammacin Jawa, gefen hanyar da ta tafi Garut. Mutanensa 'yan ƙabilar Sunda ne. Allah ya nufa na taɓa yini a cikinsa, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. Tsibirin Jawa bai kai girman jihohin Neja da Borno a haɗe ba, amma mutum fiye da miliyan 150 ne a kansa. Ƙasar noma ta zama zinariya. Manomin da gonarsa ba ta kai rabin kadada ba har suna gare shi a can, petani gurem, kuma suna da yawa ƙwarai. Abu biyu ne ya rufa musu asiri. Na farko ruwa: damina tana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, abin da ke zuba a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, ƙoramu kuma ba sa ƙafewa. Na biyu duwatsu masu aman wuta. Dutsen Galunggung da ke kusa da Tasikmalaya ya yi aman da ya tashi garuruwa a 1982, amma tokar irin waɗannan duwatsu ita ce takin da ya sa ƙasar take baƙa wuluk.

Mota ba ta shiga Kampung Naga. A bakin titi za a sauke ka, ka gangara matakala fiye da 400 zuwa cikin kwari, gaɓar kogin Ciwulan. Tun kana tsakiyar gangara za ka hango fangalolin shinkafa hawa-hawa a jikin tudu, ruwa na tsiyaya daga na sama zuwa na ƙasa ba inji ba fetur. A nan na tsaya na tuna da kuɗin man da manomanmu na rani suke ƙonawa kafin ruwa ya isa ƙarshen gona, na yi shiru.

Garin kansa kadada ɗaya da rabi ne kacal, an kewaye shi da shingen gora. Gidaje ɗari da 'yan kai, duk fasali ɗaya: katako da saƙar gora, an shafe da farar ƙasa, an ɗora su a kan duwatsu yadda ba su taɓa ƙasa ba. Jinkar baƙa ce, ta zaren wata bishiya dangin giginya da suke kira aren, wadda daga ruwanta ake dafa wani abin zaƙi mai kama da mazarƙwaila. Kowane gida arewa yake kallo ko kudu. Siminti da kwano ba su da wuri a nan. A ƙarƙashin daɓen, kaji ne ke kwana. Lokacin girgizar ƙasar da ta auka wa Tasikmalaya a Satumban 2009 gidajen bulo da yawa sun zube a yankin, waɗannan kuwa suka yi rawa suka tsaya.

Amsar tambayarka ta biyu a bakin shinge na same ta. Can wajen gari, a kan kududdufan kifi, sun kafa rumfar sussuka. Na tarar da mata biyu suna dakan shinkafa da taɓare a wani dogon turmi mai kama da kwalekwale, dusa da ƙaiƙayi na zubewa ta tsakanin gorar daɓe, karfasa da wasu jajayen kifaye sun yi cincirindo a ƙasa suna wawaso. Makewayi da wurin wanka su ma a kan ruwan suke. Na san za ka yamutsa fuska, ni ma na yamutsa, amma ka bi lissafin: dusa ta zama kifi, ruwan kududdufi ya gangara ya zama taki a fangali, kashin kaji da na tumaki ya koma gona. Sau biyu suke girbi a shekara. Irin gargajiyarsu doguwa ce, takan kai kusan wata shida, kuma da 'yar wuƙa da ke ɓuya a tafin hannu ake yankar zangarniyarta ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure dami-dami a shanya. Ci ne a gaba, sai abin da ya yi rara ake kaiwa kasuwa. A cikin gida akwai ɗan ɗakin ajiyar shinkafa, goah, wanda yake hannun uwargida.

Kada dai ka ɗauka gonar ce kaɗai take riƙe su. Maza suna saƙa kwanduna da faifai na gora su sayar wa baƙi, wasu suna fita ƙwadago birni. Sannan garin ba ya faɗaɗa. In yaro ya yi aure babu filin gini, sai ya fita ya zauna a ƙauyukan kewaye, a kira shi ɗan Sanaga. Can yana iya gina bulo ya ja lantarki, ba mai hana shi, sai dai ya dawo gida lokacin bukukuwa. A ganina wannan shi ne ginshiƙin abin, fiye da kifin da takin: sun ƙayyade bakunan da kwarin zai ciyar.

Batun lantarki kuwa, dalilin da suke bayarwa biyu ne. Gidan gora da jinka, manne da juna, wayar wuta ɗaya ta yi tartsatsi an gama. Na biyu, in wuta ta shigo mai hali zai sayi firiji da talabijin, marar hali ya zuba ido, zaman ya lalace. Fitilar kananzir suke kunnawa, girki da itace. Tsoron gobarar ma ba a banza ba. A 1956 mayaƙan Darul Islam na Kartosuwiryo, waɗanda suka ɗauki makami suna neman kafa daular Musulunci, sun ƙone garin ƙurmus saboda mutanensa suna tare da gwamnati. Tsofaffin takardu da kayan tarihinsu duk suka tafi a wutar. Mu da muka ga abin da ya faru a Borno ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Masallacinsu yana tsakiyar gari, shi ma na katako, da babbar gangar da ake bugawa in lokacin salla ya yi. Sau shida a shekara suke bikin Hajat Sasih, a kan watannin Musulunci, har da Muharram, Maulidi da sallolin nan biyu. A ranar maza sukan yi wanka a kogi, su sa fararen kaya, su je share kabarin kakansu bisa jagorancin mai riƙon al'ada, kuncen. A ƙetaren kogin akwai kurmin da ba mai shigarsa, ko reshe ya faɗo ba a ɗauka. Ka tambayi dalili, kalma ɗaya za a ba ka: pamali, wato ba a yi. Wasu malaman can suna sukar wani ɓangare na waɗannan al'adu, kamar yadda namu za su yi, wannan kuma na bar wa masu fatawa. Ni dai a idon manomi na lura cewa kurmin da aka hana taɓawa shi ne yake riƙe gaɓar kogin da zaftarewa.

Da la'asar na kama hanyar fita, a matakala ta ɗari da wani abu numfashina ya ƙare, na zauna. Wani tsoho da ya girme ni nesa ba kusa ba ya zo ya wuce ni, sandar gora a kafaɗa, kwanduna biyu cike da kaya suna lilo, ya yi min sallama bai ko tsaya ba. Alhaji, in ka sake haɗuwa da abokin naka, ka duba ƙwaurinsa.