Amsar Sakatare ga Kawu Alhaji kan kuɗin jakunkunan lakwal

(Jama'a, ga muryar da Sakataren ƙungiyarmu ta unguwa a Garwa, Kamaru, ya turo jiya bayan isha'i. Na rubuta ta saboda masu tsimin data da waɗanda wayarsu ba ta buɗe murya. Yadda ya faɗa haka na sa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na wannan zaure, barkanmu da dare. Kawu Alhaji, Allah ya ja da ranka. Ya mutanen Yawunde, ya jama'ar unguwar Birketiri? Mu nan Garwa lafiya lau, ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa. Na ji muryarka tun la'asar, sau biyu na saurare ta. Ban amsa nan take ba don ina kan moto ne, maganar kuwa ba ta kan moto ba ce.

Ka ce a watan Agusta an yi shelar tara kuɗi don saya wa marayun unguwa jakunkuna da littattafan komawa lakwal, wato makaranta, ka turo naka ta Orange Money, Satumba ta wuce, ga Oktoba na neman ƙarewa, ba hoto ba bayani. Ka kuma ce, wai ƙungiyar tana nan kuwa, ko ta bi sahun waɗanda suka gabace ta? Gaskiyarka Kawu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Laifin shirun nan namu ne, musamman ni da littafi ke hannuna.

Kuɗin dai ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Gida biyu aka raba su. Kashi ɗaya an sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, da allo da alli, an raba ranar Lahadin da washegari za a buɗe lakwal, a ƙofar gidan Jauro, gaban Malam Liman. Hoto kuwa, Malam ne ya hana. Ya ce maraya ne, ka miƙa masa littafi ɗaya ka ce ya ɗaga ana ɗaukarsa, gobe abokansa su gan shi a waya su yi ta tsokana. Muka ga maganarsa a kan hanya take. Jakunkunan ne ba mu saya ba, kuma ga dalili.

Mun je wata lakwal ta gwamnati a nan bayan unguwa, ni da Ma'aji da Hajiya shugabar mata, don mu karɓi sunayen yaran. Direkta ya ba mu wurin zama, ya ji abin da ke tafe da mu, ya sa mana albarka. Sai ya jawo wani ƙaton littafi daga durowa, na 'yan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare. Ya buɗe ya tura mana. Gefen wasu sunaye an ɗiga jan bik. Ya ce ku bi da yatsa. Muka bi, muka juya shafi, jan bai ƙare ba. Ya ce duk mai jan nan ba shi da takardar haihuwa, akit ɗin nan dai. Ba akit ba dosiye, wato takardun rajistar jarrabawa, ba dosiye ba jarrabawar CEP ta kammala firamare a watan Yuni, balle konkur, jarrabawar shiga siziyem, ajin farko na sakandare. Yaro ya yi shekara shida yana sintiri, tun daga SIL, ajin farko, ranar ƙarshe a ce masa gwamnati ba ta san da haihuwarka ba. Ya ce jaka kam, yaro ya zuba littafinsa a leda ya zo, kullum haka suke zuwa.

Ya sa aka kira wata yarinya. 'Yar siririya, hijabinta ya koɗe, hannunta fari fat da alli har gwiwa, saboda ita malamin ke sawa ta kwafa wa 'yan aji darasi a babban allo. Ita ke zuwa ta ɗaya. Bara ma a CM2 take. Ba faɗuwa ta yi ba, zama ne ba ta samu ba. Hajiya ta kasa haƙuri, ta ce sai mun bi ta gida. Wajen kakarta take. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar kwalla, ta buɗe, leda cikin leda, can ƙasa ga katin rigakafi. Ruwa ya taɓa cin sa, tawada ta narke ta zama shuɗin taswira, ko harafi ɗaya ba ka iya karantawa. Na ce Inna, yaushe aka haife ta? Ta ce ita dai abin da ta sani, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya shigo wa mutane har ɗaki, a lokacin yarinyar tana zanen goyo. Wato 2012 ke nan. Kawu, kai ma ka tuna shekarar, don kana nan ba ka koma kudu ba tukuna.

Daga gidan nan Ma'aji ya dube ni na dube shi. Muka kira zama, aka yi mahawara, wasu suka ce kuɗin jaka ne aka karɓa, amana ce, a sayi jaka. Su ma ba su yi ƙarya ba. Daga ƙarshe aka ɗaga hannu, masu cewa a juya su kan akit suka rinjaya. Inda muka yi kuskure shi ne ba mu sanar da ku na nesa ba, alhali kuɗinku na ciki. Wannan ina neman afuwa. Duk wanda bai gamsu ba, ya faɗa wa Ma'aji, za a saya wa yaro jaka da kasonsa, ba rigima.

[murya ta biyu]

To Kawu, wayar ce ta katse, ɗan autana ya taɓa. Bari in faɗi yadda aikin yake, don wasu na ganin kamar zuwa meri, wato ofishin magajin gari, ne kawai a karɓo takarda. Idan jariri ne, i, haka ne. Cikin wata ukun farko ka je meri da takardar asibiti da katin ɗan ƙasa na iyaye, a rubuta shi, ba a sayar maka da akit ba. Amma wanda ya girma, sai an bi ta kotu, abin da suke kira jujiman. Farko ka je merin da aka haifi yaron a ƙasarta, su bincika littattafansu su ba ka shaidar cewa ba a taɓa rubuta shi ba. Ka san Garwa meri uku ce yanzu, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, in ka je wadda ba ita ba ka yi asarar yini da kuɗin moto. Sannan ka kai yaro wurin likita ya duba shi, ya kalli haƙora da tsayi, ya rubuta shekarun da ya kintata. Sannan shaidu, mutanen da suka san haihuwar, kuma masu katin da bai mutu ba. Nan ne muka fi shan wuya. Ka samu tsohuwar da ta yanke cibi da hannunta, amma ba ta taɓa yin kati ba. Sai takardar roƙo zuwa kotu, tambur nan, tambur can, wato kan sarkin da ake saya a manna wa takarda. In alƙali ya yanke, a koma meri da hukuncin, sannan su rubuta akit. Jakar goyon da ba mu saya ba, ita ce ta koma jakar tambur, kuma a kan yaro ɗaya ba jaka ɗaya ta kuɗi ke tafiya ba.

Shi ya sa muka rubuta wa meri takarda, a sa yaranmu cikin zaman kotu na tafi-da-gidanka, wanda alƙali ke fitowa ya saurari yara da yawa a yini guda. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da zarar an sa rana zan faɗa a nan. Amma ba za mu naɗe hannu muna jira ba, don kafin hutun Disamba direktoci ke tattara dosiye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan CM2 muka sa gaba, sauran ajujuwa su biyo baya.

Abu biyu nake roƙon iyaye, don Allah ku isar wa waɗanda ba sa cikin zauren nan. Na farko, ku guji 'yan kamashon da ke cewa kawo kaza in kawo maka akit jibi. Zai kawo, da hatimi da sa hannu, fes da ita. Amma ba ta da tushe a littafin meri. Sai yaro ya girma ya je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, a bincika a ce babu ita. Araha ba ta ado. Na biyu, rubutun suna. Mu a bakinmu Usman ne, shi ke nan. A takarda kuwa wani ya rubuta Ousmane, wani Ousmanou, wani Ousman. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin akit da littafin lakwal, dosiye ya dawo. Ni da kaina na zauna da dosiye ina gwada suna da suna har idona ya yi ja. Kafin ku bar gaban ma'aikaci, ku ba wanda ya iya karatu ya karanta muku, sunan yaro, na uba, na uwa.

Wata dabara kuma Hajiya ce ta kawo ta, ni dai ta burge ni. Ta ce wa ke zuwa kowane suna a unguwar nan ba fashi? Liman da wanzami. To an yi magana da su. Daga yanzu in an raɗa suna an shafa fatiha, Malam zai ƙara da cewa a je meri. Wanzami kuma in ya gama aski zai ba mu labarin gidan, mu bi sawu. Rago muna iya saye, goro ƙwarya-ƙwarya, amma takardar da ba ta kai kuɗin ƙafar ragon ba sai mu bar ta shekara goma sha biyu.

Sauran ayyuka kuwa, Asabar mai zuwa bayan asuba akwai gayyar maƙabarta. Damina ta bar ciyawa har ƙugu, hanya ta ɓace, kwanaki da aka kai wani bawan Allah sai da aka yi ta sara kafin a wuce da makara. Kowa ya zo da fartanya ko adda. Ba za a sa wuta ba, mun gaya wa samari. Mata sun ɗauki nauyin kunu.

Sai ba da jini. Kowa ya san yadda ake yi in mace ta zubar da jini wajen haihuwa ko zazzaɓi ya shanye yaro: a ce a kawo wanda zai mayar, a yi ta buga waya tsakar dare. Muna so mu rubuta sunayen masu niyya, kowa ya san rukunin jininsa tun yanzu. Sharaɗi, shekara 18 zuwa sama, nauyi kilo 50, kuma lafiyayye. Ƙanenmu da ke aikin jinya zai yi bayani ranar taro, ya fi ni sani. Ya ce kuma in tuna wa iyaye mata, maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara a watannin damina, na kwana uku ne kowane zagaye. Wasu na ba da na ranar farko a gaban ma'aikaci, sauran biyun su ajiye a kan taga.

Maganar ko ƙungiya tana nan, tana nan daram Kawu. Ka tuna da can ba mu da ko takarda, taron shayi ne ya rikiɗe. Yanzu mun kai dokokinmu da sunayen shugabanni ofishin perefe, wakilin gwamnati a yankinmu, kamar yadda dokar ƙungiyoyi ta 1990 ta ce, resepise, wato takardar shaidar rajista, na hannun Shugaba. Da ita muke rubuta wa meri a saurare mu. Matsalarmu ɗaya ce, kuɗin wata. Saifa 500 ne, amma wasu tun azumi rabonsu da biya, ba zan kira suna ba, sun san kansu, suna nan suna turo mana hotunan barka da Juma'a.

Taron wata ranar Lahadi ta sama ne bayan la'asar, a zauren Shugaba. Ma'aji zai zo da littafi da rasit duka, zai ɗauki hoton kowane shafi ya sa a nan, ku na Yawunde da Duwala da Ngaundere ku duba da idonku. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya tambaya a fili kamar yadda Kawu ya yi.

Kawu, akwai kuma alfarmar da zan nema. Cikin yaran akwai biyu da aka haifa a Yawunde, iyayen suka dawo da su gida suna ƙanana. Shaidar meri tasu daga can za ta fito, mu ba mu da ƙafar zuwa. Zan turo maka bayanansu ta gefe, ba a zaure ba. In akwai yaron da za ka aika, a taimaka mana cikin makon nan.

Yarinyar nan kuwa, likita ya riga ya gan ta, an samu shaida ɗaya, maƙwabcinsu na da. Na biyun ana ce mana ya koma Pitowa, gobe in Allah ya kai mu Ma'aji zai bi motar safe ya nemo shi. A gaida Hajiya da yara. Caji na ya yi ja, sai da safe.