Tushe, Sanadi da Dukan Taiki: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Malam, an kira mu taron bita a wurin aiki domin mu gano abin da ke janyo jinkirin isar da kaya. Jagoran taron ya ce mu nemo tushe, can kuma ya ce sanadi, can ya ce dalili. Duk abu ɗaya ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, kuma wannan cakuɗawar tana cikin abubuwan da ke sa a tashi irin waɗannan tarurruka hannu rabbana. Dalili kalmar Larabci ce, asalinta abin da ake kafa hujja da shi, shi ya sa ake ce wa mutum ya kawo dalilinsa. Sanadi da sila suna nuni ga abin da ya zo daf da aukuwar lamari, wanda ta hanyarsa abin ya faru. Tushe kuwa tamu ce ta gado, ita ce gindin da abu ya tsiro daga gare shi, kuma ita kaɗai ce idan aka tumɓuke ta matsala ba ta sake tohowa.

Misalin da ya fi fito da bambancin nan shi ne wanda Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan ya shahara da shi, inda ake maimaita "me ya sa" har sau 5. Inji ya tsaya saboda fis ya ƙone, don nauyi ya yi masa yawa. Nauyin ya yi yawa ne saboda boris bai sami isasshen mai ba, mai bai isa ba saboda famfo ba ya turo shi yadda ya kamata, famfon ya gaza saboda sandarsa ta cinye, ita kuwa ta cinye ne saboda babu matata, ɓarɓashin ƙarfe yana shiga ciki. Ƙonewar fis sanadi ce, rashin matata shi ne tushe. Wanda ya sauya fis ya kama gabansa, bayan 'yan watanni zai dawo ya sauya wani.

Tambaya: Na ji wani mai gabatar da shiri yana kiran zaman da kowa ke faɗin abin da ya zo masa a rai da sunan "guguwar ƙwaƙwalwa". Hausa ce wannan?

Amsa: Hausar malalacin mai fassara ce, wanda ya juya kalmar Turanci "brainstorming" kai tsaye. Duk wanda aka ce masa ƙwaƙwalwar wane ta yi guguwa, asibiti zai fara tunawa. A ce zaman tattaro ra'ayoyi ya wadatar, amma kada a ce muhawara, domin muhawara ja-in-ja ce, alhali ƙa'idar farko da Alex Osborn, mutumin Amurka mai sana'ar talla, ya shimfiɗa wa wannan tsari a 1953 ita ce kada a soki ra'ayin kowa sai an gama tarawa. Masu shirya taro suna son buɗewa da "shawara ɗaukar ɗaki", kuma karin maganar ta dace, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai kada su ɗauka yawa kaɗai ya isa. Wani bincike da aka yi a jami'ar Yale a 1958 ya nuna cewa mutanen da kowa ya zauna shi kaɗai ya yi tunani sun fi waɗanda aka tara wuri guda fito da ra'ayoyi masu yawa. A taro baki ɗaya ke magana a lokaci guda, ƙaramin ma'aikaci kuma yana nauyin maigidansa, don haka ya fi kyau kowa ya fara rubuta nasa a takarda kafin a buɗe baki.

Tambaya: Mece ce ma'anar "ruwa ba ya tsami banza"?

Amsa: Babu abin da ke lalacewa haka siddan, akwai abin da ya taɓa shi.

Tambaya: Malam, wanne ne daidai, "an bar jaki ana dukan taki" ko "taiki"?

Amsa: Taiki ne, kuma na gaji da ganin an rubuta taki, har a wurin mutanen da ya kamata a ce sun sani. Taiki babbar jakar fata ce da ake ɗora wa jaki kaya a cikinta, shi kuwa taki na gona ne, ban kuma san wanda zai tsaya dukansa ba. Ma'anar ita ce a ƙyale mai laifin gaske a huce a kan wanda ba ya iya ramawa. A tarurrukan binciken matsala wannan shi ne ciwon da ya fi yawa: da zarar an sauya tambaya daga "me ya jawo" zuwa "wa ya jawo", sai a damƙe direba ko magatakarda, kowa ya sami sauƙi, tsarin da ya haifar da kuskuren kuma ya ci gaba da zamansa. Zanen ƙashin kifi da ake danganta wa Kaoru Ishikawa, malamin jami'a a Japan, yana rage wannan ɓarna, domin ana rubuta matsalar a wurin kan kifin, sannan a jera rassa guda 6 da aka saba amfani da su a masana'antu: ma'aikata, injuna, kayan sarrafawa, hanyar aiki, awo da muhalli. Mutum reshe ɗaya ne kawai, dole a leƙa sauran biyar kafin a ɗaga sanda.

Tambaya: Shugabanmu ya ce ƙarancin kwamfuta shi ne ummul haba'isin matsalarmu. Ya yi daidai?

Amsa: Ya yi nauyin hannu. Ma'anar kalmar ita ce uwar munanan ayyuka, kuma giya aka fi sani da wannan laƙabi. Ana aronta ga mugun abin da ke haifar da wasu, kamar cin hanci, amma ƙarancin kwamfuta bai kai can ba.

Tambaya: Mun yi taro sau uku, ba a aiwatar da ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba. Wace karin magana ce ta dace da mu?

Amsa: Taron tsintsiya ba shara.