Bar 'ya'yan nan su ƙara kwana a jikin uwarsu

Ɗana, jiya muna ban ruwa ka tambaye ni me ya sa na hana ka ɓalle 'ya'yan furen nan mai launin toka da muka rataye a inuwa, alhali masu saye daga unguwar East Legon ta Accra sai tambaya suke yi. Zauna ka ji.

Sunansa Tillandsia xerographica, dangin abarba ne. Kada ka ɗauka kauci ne irin wanda ke addabar koko a ƙasar Asante. Kauci tsotson bishiya yake yi. Wannan kuwa saiwarsa riƙo kawai take yi, ta ganye yake shan ruwa, ta wannan fari-farin da kake gani kamar an barbaɗa toka. Shi ya sa raina ya ɓaci ranar da ka goge shi da tsumma.

Asalinsa busassun dazuzzukan Gwatamala da kudancin Meziko ne, can saman bishiyoyi. Uwa takan yi shekaru masu yawa kafin ta yi fure, kuma sau ɗaya tak take yi. Irinta yana da gashi kamar audugar rimi, iska ke yawo da shi. Mafi yawansa ƙasa yake faɗawa ya lalace. Wanda ya dace ya maƙale a reshe, rani ya ƙone wasu tun suna ƙanana, wasu reshen ya karye da su. Ka ga ashe manyan nan 'yan kaɗan su ne ke riƙe da zuriyar. Su ne kuma 'yan kasuwa suka bi suna tsinkewa a shekarun 1980 suna lodi zuwa Turai, har ya kusa ƙarewa a dajinsa. A 1992 aka sa shi cikin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takarda. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na dube shi.

Tamu uwar ta riga ta yi furenta, a hankali za ta bushe. Kafin nan tana ciyar da 'ya'yan. Ka cire su yanzu, ka yaye su ba su kai ba. Bari kowane ya kai kashi ɗaya cikin uku na girmanta, sannan mu raba da wuƙa mai kaifi, mu bar wurin yankan ya sha iska.

Kuma in ka jiƙa shi, da ruwan sama za ka jiƙa, ka kife shi ya tsane. Da raɓar Accra, ruwa ya kwana a tsakiyarsa ruɓewa zai yi.