Tambaya da Amsa: Shugaban makaranta ya ce in ƙara wa ɗalibai maki

Tambaya: Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren gwamnati. Shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya ce in ɗaga makin gwajin zango na wasu ɗalibai uku kafin a tura wa WAEC, wai iyayensu na taimaka wa makaranta. Ina tsoron in ƙi a jefa ni ƙauye mai nisa. Me zan yi? Daga wata malama a jihar Katsina.

Amsa: Malama, sa hannun da ke ƙasan takardar makin naki ne. Ran da masu bincike suka zo, za su jera takardun amsar ɗalibi kusa da makin da aka shigar, in suka ga bambanci ke za su tambaya. Shi kuwa da baki ya faɗa miki, cikin ofis, babu shaida. Shi ya sa irin wannan umarni ba ya zuwa a rubuce.

Ki same shi ke kaɗai, cikin ladabi, ki ce: "Yallaɓai, ba zan iya rubuta makin da ba ni da takardar amsarsa ba, amma ga abin da zan iya." Sai ki kawo hanya mai tsabta. In yaran sun rasa gwaji saboda rashin lafiya, a sa ranar sake gwaji ga duk wanda ya rasa a ajin, ba su uku kaɗai ba. In rauni ne a karatu, a shirya musu ƙarin darasi. Shugabanni da yawa suna janyewa a nan, don kin ba su abin da za su faɗa wa iyayen ba tare da sun ji kunya ba.

In ya dage, ki rubuta masa gajeriyar takarda mai kwanan wata, layi uku ko huɗu: abin da aka nema, da dalilin da ba za ki iya ba. Kada ki zage shi, kada ki kira shi azzalumi. Ki yi kwafi biyu, ki miƙa ta hannun akawun makaranta, ya buga hatimin karɓa a kan naki.

Kafin nan ki tsare aikinki. Ki cika takardar maki da biro, ban da fensir. Ki ja layi a kan duk gurbin da ya rage fanko, don a nan ake cusa lamba bayan kin sa hannu. Ki ɗauki hoton kowane shafi da waya kafin ki miƙa wa jami'in jarrabawa, ki kulle takardun amsa a inda ke kaɗai ke da mabuɗi. Kada ki taɓa sa hannu a takardar da ba a cika ba, ko da an ce sauri ake yi.

Ramuwa ba ta zuwa da sunan maki. Ta makara take zuwa, ko jadawalin darasin da ba a rubuta ba, ko fita ba izini. Ki toshe waɗannan ƙofofin tun yanzu. In an ba ki takardar tuhuma, ki amsa a rubuce cikin wa'adin da ke jikinta, don yin shiru laifi ne mai zaman kansa. Babban kuskuren da malamai ke yi shi ne kai maganar ɗakin malamai ko WhatsApp har da sunayen yara. Nan take a bar batun maki a koma kan tona asirin ɗalibai.

Ki sanar da wakilin ƙungiyar malamai ta NUT a makarantarku da wuri. Daga nan sai ofishin ilimi na shiyya, sai hukumar da ke kula da malaman sakandare ta jiha. In akwai kuɗi a lamarin, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na karɓar irin wannan ƙorafi. Canjin wurin aiki yana iya zuwa, gaskiya ne, amma mai takardu a hannu tana da abin ɗaukaka ƙara da shi.

Tambaya: An sa ni tsaron jarrabawar NECO, mai makarantarmu ya ce in rubuta wa yara amsa a allo. Makarantar kuɗi ce, zai iya kora ta. Daga wani malami a Kano.

Amsa: Malam, wannan ya fi na sama nauyi. Dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko mai tsaro ko shugaban makaranta da aka kama da wannan laifi, kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN na iya soke sunanka. Su ma yaran ana iya riƙe sakamakonsu ko a soke shi baki ɗaya, har da na waɗanda ba su kwafa ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Ka nemi a cire ka daga tsaron tun kafin ranar, a rubuce. In an matsa maka a cikin zaure, ka faɗa wa sufabaizan da hukumar ta turo. Ka adana takardar ɗaukarka aiki da shaidar biyan albashi, don in an kore ka, da su za ka je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.