Amsa kan ƙananan shagunan 'yan Filifin: abin da ke raya su da abin da ke kashe su

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kana aiki a Saudiyya tare da 'yan Filifin, kuma ka lura kusan kowannensu yana tura kuɗi gida a buɗe wa matarsa ko mahaifiyarsa ɗan shago. Na wasu ya kama, na wasu kuwa kafin shekara ta zagayo an rufe. Kana son sanin inda bambancin yake. Amsar a gajarce ita ce, ba rashin masu saye ne ya fi kashe waɗannan shagunan ba, zurarewar jari ce ta hanyoyin da mai shagon ba ta gani. Bari in warware.

Irin shagon da suke nufi shi ne sari-sari. Taga ce a jikin gida, an sa mata raga ta ƙarfe, kaya na rataye a ciki, galibi mace ce ke zaune a bayanta. Sun haura miliyan ɗaya a ƙasar, kuma ƙanana da matsakaitan sana'o'i su ne fiye da kashi 99 cikin ɗari na kasuwancin da ke da rajista a can. Cinikin duk na tingi ne, wato sayar da abu ƙanana-ƙanana: shamfu leda ɗaya, kofi mai haɗe da madara da sukari leda ɗaya, ƙwai guda, mai a ƙulle, shinkafa kilo ɗaya ko rabi. Babu kuɗin haya, babu albashin yaron shago. Wannan ne ƙarfinsa, kuma nan ne tarkon yake, domin abin da ba a biya masa haya ba a cika yi masa lissafi ba.

Ribar kayan kamfani siririya ce, don maƙwabciya ma shi take sayarwa, kowa kuma ya san farashinsa. Saboda haka abin dubawa shi ne sau nawa kuɗin ya juya. A ce jarin peso (kuɗin Filifin) 10,000 ne, ribar kashi 12 cikin ɗari na ciniki. Idan kayan na ƙarewa duk mako, an ci ribar sau huɗu a wata. Idan sai wata suke ƙarewa, sau ɗaya. Shi ya sa masu wayo ba sa cika shago da kayan burgewa. Suna farawa da abin da unguwa ke nema kullum: taliyar leda, kifin gwangwani, kofi, ƙwai, sabulu, lemo, shinkafa. Duk abin da aka tambaya sau uku babu shi, sai su rubuta su sayo kaɗan su gwada. Abin da ya yi wata biyu a kanta bai motsa ba, su karyar da shi su kuɓutar da kuɗinsu. Sari kuwa suna yin sa a manyan kantuna irin Puregold, wanda ke da tsari na musamman don masu sari-sari mai suna Tindahan ni Aling Puring, ko a kasuwar Divisoria ta Manila idan kayan roba ne da na 'yan makaranta. Tafiya sari kullum don sayo kaya kaɗan kuskure ne, kuɗin mota zai cinye ribar.

Riba mai kauri tana cikin abin da aka yi da hannu a gida: ƙanƙara, ƙanƙarar zaƙi a leda, soyayyar ayaba da sukari a tsinke, abincin rana. Sai dai wutar lantarki a Filifin tana cikin mafi tsada a yankinsu, don haka wadda ta sayi firji ba ta raba kuɗin wutarsa da na gida ba, tana iya shekara tana murnar ribar da babu ita. Sayar da katin waya da hada-hadar GCash, wato manhajar turawa da cirar kuɗi ta waya, ribarsu ba yawa, amfaninsu jawo ƙafa ne. Kuɗinsu kuma dole a ware musu jaka daban, in ba haka ba mutum ɗaya zai zo cirar kuɗi ya tafi da cinikin yini.

Yanzu ga babban makashin, wanda na fi so ka riƙe: gida yana ci daga shago. Lissafa da kanka. An yi cinikin peso 2,000 a rana, ribar kashi 12 ita ce 240. Sauran 1,760 ba na mai shago ba ne, na kayan gobe ne. To idan a ranar an ɗebi shinkafa da kifin gwangwani an dafa, yara sun ɗauki biskit, an zari kuɗin motar makaranta daga akwati, duka ya kama 300, jari ya ragu da 60. Ba wanda zai lura da 60. A wata ya zama 1,800, kafin wata shida jarin 10,000 ya tafi, har ma ya fi haka sauri, domin kanta na raguwa ciniki na raguwa. Abin da ke ƙara ɓoye cutar a gidajen abokan aikinka shi ne kuɗin da suke turawa. Duk ƙarshen wata sai a cike gurbin da kuɗin Saudiyya, shago ya koma tamkar yana da lafiya. Ranar da kwantiragi ya ƙare, ko albashi ya yi jinkirin wata biyu, ranar ake gane cewa tun farko ba shagon ke ciyar da gida ba, mai aikin waje ne ke ciyar da shagon.

Maganinsa ba wuya a faɗa, wuyarsa a ɗore. Duk abin da gida ya ɗauka a biya kuɗinsa cikin akwati, ko a rubuta shi bashi kamar na kowa. Kowane dare a ƙirga ciniki, a fara ware kuɗin mayar da kaya, puhunan kamar yadda suke kiran jari, sannan a dubi saura. Mai shago ta yanka wa kanta abin da za ta riƙa ɗauka a mako, kada ya kai ribar duka. A ƙarshen wata a ƙirga kayan kanta da farashin sari, a haɗa da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran karɓa. In jimillar ta gaza ta watan jiya, akwai inda ke yoyo.

Na biyu shi ne bashi. Kowane sari-sari na da littafin bashi, kuma mutanen Filifin na da kunya da kiyaye zumunci ƙwarai, hana maƙwabci abu yana yi musu nauyi. Za ka ga an manna takarda an rubuta ba a ba da bashi, amma littafin na nan a ƙarƙashin kanta. A ganina hanawa gaba ɗaya ma ba dabara ba ce, domin suki, wato mai sayen da ya riƙe ka ka riƙe shi, da bashin nan ake kama shi. Abin da waɗanda suka daɗe suke yi shi ne ɗaure bashin da ranar albashi. A can yawancin ma'aikata sau biyu ake biyansu, ranar 15 da ƙarshen wata, don haka nan ne wa'adi. Kowa da iyakarsa, ba a buɗe sabo sai an rufe tsoho, ba a ba da katin waya ko taba bashi tunda ribarsu ba ta kai ɗaukar asara ba, kuma a rubuta a gaban mai karɓa. Ni zan ce duk bashin da ke waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jari. Bashin dangi shi ya fi wuyar karɓa, shi ya kamata a fi taƙaitawa.

Idan jari ya zube ta waɗannan hanyoyi biyu, sai a faɗa hannun masu ba da rancen da ake kira 5-6: ka karɓi biyar ka mayar da shida. Ba jingina, ba takarda, mai rance na zuwa a babur kullum ya karɓa. Misali a karɓi 5,000 a biya 100 kullum har kwana 60. A ido ruwan kashi 20 ne, amma tun daga washegari ake fara mayarwa, saboda haka abin da ke hannunka a tsaka-tsaki rabin kuɗin ne, nauyin ruwan kuwa ya kusa ninkawa. Shagon da ribarsa 240 ce a rana, aka cire 100, gida ya ci 300, ka ga inda aka dosa. Ga Musulmi dai riba ce, magana ta ƙare. Ko ga wanda ba Musulmi ba lissafin bai fita. Gwamnati ta fito da shirin rance mai suna P3 a 2017 don raba mutane da 5-6, akwai kuma ƙungiyoyin ƙananan rance irin CARD da aka kafa a 1986 a San Pablo ta lardin Laguna, sai dai su ma da ruwa. Hanyar da ba ruwa ita ce paluwagan, adashi ke nan, kuma haɗarinsa sananne ne: wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. A yi shi da mutanen da aka san gidajensu.

Takardu ba su da yawa. Ana rajistar sunan kasuwanci a ma'aikatar ciniki, DTI, kuɗin ya danganta da faɗin yankin: peso 200 na unguwa, 500 na gari, 1,000 na yanki, 2,000 na ƙasa, kuma tana aiki shekara biyar. Sai takardar barangay, wato hukumar unguwa, sai izinin magajin gari da ake sabuntawa kafin 20 ga Janairu, sai rajista a hukumar haraji, BIR. Dokar BMBE ta 2002 ta yafe harajin kuɗin shiga ga sana'ar da kadarorinta ba su wuce peso miliyan 3 ba, amma sai an nemi shaidar, ba ta zuwa da kanta, kuma da yawa ba su san da ita ba. Ana samun bayani kyauta a cibiyoyin taimakon masu ƙananan sana'o'i da ake kira Negosyo, waɗanda wata dokar 2014 ta kafa. Wanda bai yi rajista ba zai iya ciniki a unguwa, amma ba zai iya ba kamfani rasit ba, banki ma ba zai dube shi ba.

Za su ba ka labarin manyansu, kuma akwai abin koyo a ciki. Tony Tan Caktiong shagon askirim ya buɗe a Cubao a 1975, da ya ga abinci mai zafi ya fi askirim ɗin tafiya sai ya bi masu saye, aka kafa kamfanin gidajen abinci na Jollibee a 1978. McDonald's ya shigo a 1981 bai iya ture shi ba, saboda ya dafa abin da harshen mutanensa ke so, kaza da shinkafa da taliya mai zaƙi. Henry Sy da shagon takalma ya fara a Manila a 1958, shi ya zama SM, kamfanin manyan kantuna. Edgar Sia ya buɗe Mang Inasal a Iloilo a 2003, gasasshiyar kaza da shinkafa iya cinka, a 2010 Jollibee ya sayi kashi 70 na kamfanin a kan peso biliyan 3. Amma kada a manta Sia da rancen miliyoyi daga mahaifinsa ya fara, ba da taga ɗaya ba. Labarin da ya fi kusa da mai ƙaramin shago shi ne na Socorro Ramos ta kamfanin sayar da littattafai na National Book Store. Lokacin mamayar Japan da sayar da littattafai ya yi wuya, ta koma sabulu da kyandir da silifa, a 1948 kuma guguwa ta yaye rufin shagon ta jiƙa kayan, suka sake tashi. Wannan ba tsohon zance ba ne, guguwa kusan ashirin ke shiga yankin ƙasar a shekara. Mai shago a can dole ta ɗora buhunan shinkafa da katan-katan a sama, littafin bashi a cikin leda, ta kuma ajiye kuɗin sari na aƙalla mako biyu a wajen shagon.

Idan abokin aikinka ya nemi shawararka, ka ce masa ya tura jari sau ɗaya, daban da kuɗin cefane, kada ya haɗa su a turawa guda. Duk mako a ɗauko masa hoton littafin ciniki da na bashi, duk ƙarshen wata a ƙirga kaya. Idan bayan wata uku shagon bai iya mayar da kayansa da kuɗin kansa ba, kada ya ƙara ko peso ɗaya sai sun zauna da mai shagon, cikin mutunci ba da zargi ba, sun gano ko gida ne ke ci, ko bashi ne ya maƙale, ko kuwa layin nasu ya riga ya cika da shaguna masu sayar da abu iri ɗaya.