Amsa ga mai tambaya kan kujerun kabon na GT3: a jira ko a canja oda?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan mota, ya sa a hau lafiya.

Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ɗan'uwanmu da ke zaune a Ingila ya sa odar Porsche 911 GT3, ya zaɓi kujerun tsere marasa nauyi, na kabon faiba, masu kwarmin nan da ke rungume jikin direba. Sai dila ya kira shi ya ce kujerun sun yi ƙaranci. Ko dai ya jira, babu tabbacin rana, ko ya koma kan kujerun lantarki masu daidaituwa ta hanyoyi 18 a ba shi motarsa a kan lokaci. Dilan ya ƙara da cewa ai ko daga baya ana iya sauyawa. Shi ne yake tambaya ko da gaske ana irin wannan ƙarancin, kuma wanne ya fi masa.

Na daɗe ina aiki a nan Jamus a garejin da ke shirya motoci don fita filin tsere, cire kujera da ɗaura wata yana cikin aikin da hannuna ya saba da shi. Shawarata ita ce: idan za ka riƙa shiga fili, kuma ka zauna a kujerar ka ga ta karɓi jikinka, to ka jira. Maganar "a sauya daga baya" kuwa, kada ka ɗora lissafinka a kanta ko kaɗan.

Ƙarancin ba baƙon abu ba ne a wannan harka. Waɗanda suka sa odar Porsche Cayman GT4 na farko a 2015 da yawansu sun sha irin wannan jira a kan kujerun kabon masu fasalin na motar Porsche 918 Spyder. Dalilin yana cikin yadda ake ƙera su. Kujerar mota ta yau da kullum firam ne na ƙarfe da inji ke bugawa dubbai a rana, a sa soso, a lulluɓe. Ita wannan kuwa ƙoƙon kabon ne. Zaren kansa sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, kuma kamfanonin da ke yin mai kyansa ba su da yawa, babbansu shi ne Toray na Japan, ga masu ƙera jiragen sama da fukafukan injin iska suna layi a kan kaya ɗaya. Daga nan a saƙa shi, a jiƙa da danƙo, a yanka, a shimfiɗa falle-falle a cikin mazubi, galibi da hannu, sannan a gasa cikin zafi da matsi na awanni. Abin kamar tandar waina ne: gurbin da ke jikinta shi ne iyakar abin da za ki soya a tashi ɗaya, ko da layin masu saye ya kai bakin titi. Sabon mazubi kuɗi ne mai yawa da watanni, kuma babu kamfanin da zai zuba wannan jari don motar da ake ƙera 'yan dubbai kawai. Ƙoƙon da ya fito da kumfar iska a ciki ko zarensa ya karkace, ba gyara ake yi masa ba, jefarwa ake yi.

Sai kuma lissafin kamfanin motar. Tun kafin mota ta fito kasuwa ake hasashen mutum nawa cikin ɗari za su zaɓi wannan kujera, a ƙulla kwangila da mai kawo kaya a kan wannan adadi. A motocin GT, masu saye sun gane cewa motar da ke da kujerun kabon ta fi saurin shiga idan an tashi sayarwa, don haka har wanda bai taɓa taka filin tsere ba yana zaɓarsu. Da zarar masu zaɓa sun zarce hasashe, layi ya kafu. Wannan yana ba ni haushi ƙwarai, domin mai buƙatar kujerar da gaske yana jira a bayan wanda zai kulle motar a gareji yana jiran farashi ya tashi.

Kuma kujerar ba ƙoƙo ba ce kawai. A jikinta akwai jakar iska ta gefe mai kare ƙirji, akwai ƙaramin injin lantarki mai ɗaga ta sama da ƙasa, akwai mariƙin bel mai na'urar sanar da kwamfutar mota ko an ɗaura, akwai wayarin. Ɗaya daga cikin waɗannan ya makara, kujera ba ta fita. Mun ga haka a watan Maris na 2022, lokacin da yaƙin Yukiren ya tsayar da masana'antun wayarin na yammacin ƙasar, irin na kamfanin Leoni, har Porsche ta dakatar da aiki na wani lokaci a masana'antunta na Jamus. A 'yan makonnin ne kuma jirgin ruwan Felicity Ace ya kama wuta kusa da tsibiran Azores ya nutse da motoci kusan 4,000, fiye da 1,000 daga ciki na Porsche ne, aka koma ƙera su daga farko, layin kowa ya ja baya.

Misalin da ya fi nuna yadda harkar kujera ke rataye da zare ƙalilan shi ne na Recaro. Kamfani ne mai tsohon tarihi, asalinsa masu ƙera jikin mota ne na Reutter a Stuttgart, su ne suka yi wa Porsche 356 jiki, sai a 1963 suka sayar wa Porsche sashen jikin mota suka koma kan kujeru. A watan Yuli na 2024 reshensa na kujerun mota da ke Kirchheim unter Teck ya shigar da takardar karyewa a kotu, ma'aikata fiye da 200 suka shiga halin rashin tabbas. Bayan 'yan makonni kamfanin Ineos ya tsayar da ƙera motarsa Grenadier a Hambach ta Faransa, rahotanni suka ce rashin kujeru ne, kuma aiki bai dawo ba sai a Janairun 2025. A tsakanin nan ne wani kamfanin Italiya mai suna Proma ya karɓi harkar Recaro. Duba fa, mota guda da injinta da tayoyinta tana tsaye saboda wurin zama. Me ya hana su sayo wata kujerar kawai su ɗaura? Doka ce ta hana. Kujera na cikin abin da aka yi gwajin karo da shi kafin a ba mota lasisin shiga kasuwa. In ka sauya ta, sai an sake gwaji.

To me za ka samu idan ka jira? Mutane suna yawan ambaton nauyi. Gaskiya ne, kujerun biyu suna rage kilo goma da 'yan kai idan aka kwatanta da na yau da kullum. BMW ma ta ce nata na kabon a M3 da M4 suna rage kusan kilo 10. Amma a motar da ta haura kilo 1,400, wannan ba abin da kai da ni za mu ji a hannu ba ne. Amfanin na gaske shi ne riƙo. Idan ka shiga kwana da gudu a kan taya mai ɗanko, jikinka yana son ficewa gefe. A kujera mai laushi, za ka tarar kana tokare ƙofa da gwiwa, kana riƙe sitiyari don kada ka zame, wato hannun da ya kamata ya saurari abin da tayoyin gaba ke faɗa ya koma aikin riƙe gangar jiki. A kujera mai kwarmi ƙugu da haƙarƙari a kafe suke, hannu ya saki, ƙafa ta taka birki da awo. Kana zaune ƙasa-ƙasa, soso siriri ne, duk motsin bayan mota yana iso maka ta ƙashin baya tun kafin ido ya gani. Wanda ya zagaya Nordschleife, filin tseren nan na Jamus mai tsawon kilomita 20.8, a kujerun biyu ba ya buƙatar a yi masa bayani, a ɗaya zai sauko kafaɗunsa sun yi tsami, a ɗayar kuwa zai nemi ya koma.

Ga wani abin da ban ji dilan ya gaya maka ba. Kunshin Clubsport, wato keji na ƙarfe a bayan kujeru da bel mai maɗauri shida da abin kashe gobara, ba a ba da shi sai da kujerun tsere. In ka sauke kujerun daga odarka, shi ma ya tafi. Bel mai maɗauri shida yana buƙatar ramuka a kafaɗa da kuma tsakanin cinyoyi, wanda kujerar lantarki ba ta da su, kuma da wannan bel ɗin ne abin tallafe wuya na HANS ke aiki tare da hular kwano. Na ga mutane sun zagayo da irin wannan bel ta gefen kujerar da ba a yi ta dominsa ba. Ranar da aka yi karo zai zame daga kafaɗa. Don Allah kada ka yi.

Amma ba kowa kujerar ke karɓa ba, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi wa kanka adalci. Faɗinta ɗaya ne, ba a buɗa ta. Mai faɗin ƙugu ko mai ciwon baya zai ji daɗin minti goma na farko, bayan awa biyu a kan babbar hanya sai ya fara neman wurin tsayawa. Shiga da fita ma sai da dabara saboda tudun gefe, ranar Juma'a da babbar riga kuwa za ka gane abin da nake nufi, kuma wannan tudun shi ne wurin da fata ke fara goguwa. Ka yi tunanin uwargida ma, in za ta riƙa zama a gefe. An sha kawo mana motoci don a ƙara soso ko a ɗan karkata kujerar baya saboda mai ita ya zaɓe ta daga hoto. Sabon samfurin GT3 da aka bayyana a Oktoban 2024 ya rage wasu daga cikin matsalolin: bayan kujerar yana naɗewa, ana iya sa mata na'urar ɗumama, kuma ana cire wani ɓangare na matashin kai don hular kwano ta samu wuri kada ta tura kanka gaba. Duk da haka gani ya kori ji. Tunda kana Ingila, akwai cibiyar gwajin tuƙi ta Porsche a Silverstone, ko ka nemi dilan ya samo maka motar da ke da irin kujerar. Ka zauna aƙalla rabin awa, da hular kwanonka in kana da ita, ka duba ko akwai tazara tsakanin hular da rufin mota.

Yanzu maganar sauyawa daga baya. A masana'anta, an sayar da kujerun samfurin da ya gabata kusan dala 6,000 a Amurka. In ka je sayensu a matsayin kayan gyara, farashin yana ninkawa, kuma daga mazubin nan dai za su fito, masana'anta kuma ita ake fara ba wa kafin kantin kayan gyara. Na hannu da ake tallatawa a intanet, wasu daga motocin da suka yi haɗari aka ciro su, kuma kabon yana iya tsagewa ta ciki fuskarsa tana sheƙi. Akwai na jabu ma masu kama da na asali sak. Ko ka dace da masu kyau, sai an daidaita wayarin, an sake saita kwamfutar jakar iska, sannan ka sanar da kamfanin inshora. Wasu makanikai suna maƙala 'yar na'ura don fitilar gargaɗi ta mutu alhali babu jakar iska a wurin. Ni ba na yi wa kowa wannan a motar da za ta hau titi da iyali. Kuma takardar odar motar za ta ci gaba da nuna cewa da kujerun lantarki ta fito, don haka ƙarin darajar da kake hange wajen sayarwa ba za ka same ta cikakkiya ba.

Kujerun kasuwa irin na Recaro, Sparco, Sabelt, OMP ko Cobra suna da kyau a wurinsu, na ɗaura da yawa a motocin da fili kawai suke zuwa. Sai dai mafi yawansu ba su da jakar iska, kuma masu hatimin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, suna da wa'adi: shekara 5 ga ma'aunin 8855-1999, shekara 10 ga 8862-2009. Ga motar da aka keɓe don tsere, babu laifi. Ga sabuwar GT3 mai garanti, asara ce.

Idan ka zauna ka ga kujerar ba ta yi maka ba, ko kuma ka san a zuciyarka cewa tafiye-tafiye za ka fi yi da motar, fili sai jefi-jefi, ka karɓi masu hanyoyi 18 da hannu biyu. Suna da riƙo mai kyau, gefensu yana matsewa da maɓalli, kuma injin da birkin duk ɗaya ne. Babu abin kunya a ciki.

In kuwa jiran za ka yi, ka koma wurin dilan ka nemi amsa a rubuce, ba ta waya ba. Ka tambaye shi ko gurbinka na ƙira yana nan ko za a ba wani, wace rana ce ta ƙarshe da za ka iya canja zaɓi kafin a kulle odar, kuma in jiran ya tsallaka da kai sabuwar shekarar samfuri, da wane farashi za a caje ka. Ka tambaya ko kujerar ce gaba ɗaya ta yi ƙaranci ko wani launi ko ɗinki na musamman da ka zaɓa, domin sau da yawa komawa kan baƙar fata ta yau da kullum yana matso da rana. Sannan ka bar kujerun a cikin odar har zuwa ranar kullewa, tunda sauke su abu ne na minti ɗaya, mayar da su kuwa yana iya kai ka ƙarshen layi.